Jiragen Yaƙin Jamus da Suka Tsira, da Waɗanda Ruwan Kainji Ya Rufe

Jamus ta ƙera jiragen ruwa na yaƙi masu ɗimbin yawa a yaƙe-yaƙen duniya biyu, amma waɗanda suka rage a yau ƙalilan ne. Ba ɓarnar fagen fama kaɗai ce ta cinye su ba. Sau biyu ƙasar tana shan kaye, sau biyu kuma ana hallaka rundunar ruwanta bayan an ajiye makamai. A ranar 21 ga Yuni 1919 sojojin ruwan Jamus da kansu suka buɗe wa jiragensu ruwa a mashigin Scapa Flow da ke arewacin Birtaniya, inda aka tsare su, don kada abokan gaba su raba su ganima. Jirage 52 cikin 74 suka nutse a yini guda, daga baya 'yan kasuwa suka tsamo mafi yawansu suka sayar da sunan tsohon ƙarfe. Bayan yaƙin Hitila kuwa, Turawan Ingila ne suka ja jiragen ƙarƙashin teku 116 zuwa tsakiyar ruwa daura da Ailan suka nutsar, tsakanin ƙarshen 1945 da farkon 1946. Irin waɗannan jirage fiye da 1,100 Jamus ta ƙera a wancan yaƙi. Cikin manyansu, huɗu ne kacal suke gidajen tarihi.

Jirgi ɗaya tilo na rundunar Sarkin Jamus, wato ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ya shigo wannan ƙarni yana aiki, ba a Turai yake ba. Yana Tafkin Tanganyika a Gabashin Afirka, sunansa Liemba. Aikinsa bai bambanta da na manyan jiragen katako da ke zirga-zirga tsakanin Yelwa da Warra da Malale ranar kasuwa ba: buhunan hatsi, 'yan kasuwa, mata da goyo, da busassun ƙananan kifaye dangin warangi, waɗanda can ake kira dagaa. Shi ma jirgin tafki ne, a ruwan daɗi ya yi rayuwarsa, don haka mai zaune a gaɓar Kainji zai fi saurin gane labarinsa.

An ƙera shi a 1913 a ma'aikatar Meyer da ke garin Papenburg, aka sa masa sunan Graf von Götzen, wani tsohon gwamnan mulkin mallakar Jamus a Gabashin Afirka. Tsawonsa ya ɗan haura mita 70. Da aka haɗa shi aka ga kowane ƙarfe ya zauna a mazauninsa, sai aka sake warware shi aka zuba a akwatuna kimanin 5,000. Jiragen teku suka kai su Darussalam, jirgin ƙasa ya kwashe su tafiyar fiye da kilomita 1,200 zuwa Kigoma a bakin tafki. Ƙwararru uku daga Papenburg, ƙarƙashin Anton Rüter, da ɗimbin ma'aikata 'yan ƙasa suka sake haɗa shi, aka tura shi cikin ruwa ranar 5 ga Fabrairu 1915. Don ɗaukar kaya da fasinja aka yi shi, sai dai kafin a gama aikin yaƙi ya ɓarke. Aka ɗora masa igwa da aka ciro daga Königsberg, wani jirgin yaƙin Jamus da Ingilishi suka lalata a bakin Kogin Rufiji a watan Yuli na wannan shekara. Na ɗan lokaci babu jirgin da ya isa ya ja da shi a duk faɗin tafkin.

Mulkin nasa bai daɗe ba. Ingilishi suka ɗauko ƙananan jirage biyu masu inji, Mimi da Toutou, suka ratso da su ta Afirka ta Kudu da dajin Kwango, suka kama ɗaya daga cikin jiragen Jamus na tafkin, suka nutsar da wani. Jiragen saman Beljiyam suka fara jefa wa Kigoma bam. Sojojin ƙasa na Jamus suna buƙatar igwar, sai aka sauke ta aka kafa ta katako a gurbinta don a ruɗi masu leƙen asiri. Da ta tabbata Kigoma za ta faɗi, aka ba da umarnin nutsar da jirgin, kuma mutanen da suka haɗa shi da hannunsu su aka ba aikin. Ba su fasa shi da nakiya ba. Suka bi injinansa suka lafta musu giris mai kauri, suka ƙara masa nauyi, suka sauke shi a hankali a ruwan da zurfinsa bai wuce kimanin mita 20 ba, ranar 26 ga Yuli 1916. Mutanen Beljiyam sun tsamo shi bayan nan, guguwa ta sake nutsar da shi a 1920. Ingilishi suka fito da shi a watan Maris 1924, suka tarar injinansa suna da sauran amfani, ya koma bakin aiki ranar 16 ga Mayu 1927 da sabon sunansa.

Wannan yaƙi bai yi wa ƙasar Hausa nisa kamar yadda taswira za ta nuna ba. A ƙarshen 1916 sojojin Najeriya, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu, sun sauka Darussalam don yaƙar rundunar Jamus ɗin nan. Kafin nan, a 1915, igwar da ta taimaka wajen karya sansanin Jamusawa a Garwa daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger aka ciro ta, aka hauro da ita ta Kogin Kwara da Binuwai.

Giris da ruwan daɗi su suka ceci Liemba a shekarun da ya yi a ƙasan tafki, amma abin da ya raya shi kusan shekara ɗari bayan nan buƙata ce. Yawancin ƙauyukan gaɓar Tanganyika ba su da hanyar mota, da yawa ko matsayar jirgi ba su da ita. A lokacin da yake aiki, idan Liemba ya iso daga Kigoma a hanyarsa ta zuwa Mpulungu a Zambiya, kwale-kwale ne suke fitowa su tare shi a tsakiyar ruwa. Jirgin da jama'a ba su da madadinsa ba a barinsa ya ruɓe. A shekarun 1970 aka cire injinansa na tururi aka sa na dizal, a 1993 kuma aka yi masa babban gyara da taimakon Danmak, ya koma yana ɗaukar fasinja kimanin 600. A 1997 ya yi jigilar 'yan gudun hijirar Kwango zuwa gida, a 2015 ya kwashi na Burundi daga ƙauyen Kagunga. A 2018 aka tsayar da shi a Kigoma don yana buƙatar wani babban gyaran.

A nan ne masu adana kayan tarihi suke rabuwa gida biyu. Duk gyaran da ya bar jirgi yana aiki yana rage wani abu daga asalinsa: inji ya tafi, ɗakuna sun sauya, an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe an liƙa sabo da walda a inda dā ƙusoshin ƙarfe ne da aka dasa da zafi. Wasu na ganin gara a kafe shi a gidan tarihi tun da sauran abin gani, har akwai waɗanda suka so a mayar da shi Jamus. Wasu kuma na ganin jirgin da ya daina shiga ruwa ya riga ya mutu. A kan Liemba dai hujjar masu son ya ci gaba da aiki ta fi ƙarfi. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi yana jirgin yaƙi, ya kuma shafe shekara casa'in yana jirgin talakawa. Mayar da shi siffarsa ta 1915 share mafi yawan tarihinsa ne. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa fito da shi ana auna kaurin ƙarfen cikinsa, domin tsohon jirgin da ke ɗaukar rayuka ba a yi masa uzurin tsufa. Mutanen Ngaski sun san wannan da ɗaci tun hatsarin watan Mayu 2021, lokacin da jirgin katako maƙare da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kan hanyarsa ta zuwa Warra.

Jiragen ƙarƙashin teku huɗun nan da ke gidajen tarihi ba su da wannan zaɓi, don babu mai aikin da zai ba su. Matsalarsu kuma gishiri ce. Ƙarfen da ya daɗe a teku yakan sha gishiri har cikin ƙananan kafofinsa. Muddin yana ƙasan ruwa, inda iska ta yi ƙaranci, a hankali tsatsa take cinsa. Ranar da aka fito da shi sarari, gishirin ya riƙa jawo laima daga iska, tsatsa ta taso daga ciki ta ɗaga fenti, ƙarfen ya riƙa ɓarewa falle-falle. Shi ya sa fenti kaɗai ba ya magani. Ƙananan kaya ana jiƙa su ne wata da watanni, wani lokaci shekaru, a ruwan soda, ana sauya ruwan ana auna gishirin da ya fito, a wasu lokuta a haɗa da lantarki mara ƙarfi don ya taimaka wajen zuƙo shi. Jirgi sukutum ba ya shiga baho cikin sauƙi. Abin da ya rage shi ne a kankare shi, a shafe shi, a kuma hana shi laima. Idan laimar iska ta sauka zuwa kashi 20 cikin 100, tsatsa kusan tsayawa take yi, kuma a wannan ma'auni ake riƙe da ƙasan wani tsohon jirgin ƙarfe a Bristol ta Ingila, da injina masu aiki dare da rana. Iskar hunturu a Kebbi takan kai wannan bushewa kyauta; damina ce take rama wa tsatsa.

Wanda ya fi samun gata a cikin huɗun shi ne U-505. A 1942 ya yi farautar jiragen kasuwanci daura da Freetown ta Saliyo, kuma a gaɓar Yammacin Afirka sojojin ruwan Amurka suka kama shi da ransa ranar 4 ga Yuni 1944. A 1954 aka ja shi ta manyan tafkunan Amurka zuwa Shikago, aka tsallaka titi da shi aka ajiye a harabar gidan tarihin kimiyya da masana'antu. An riga an kwashe kayan cikinsa da yawa, sai gidan tarihin ya rubuta wa kamfanonin Jamus da suka ƙera su, akasarinsu kuma suka aiko da madadi ba tare da karɓar ko kwabo ba. Shekara hamsin ya yi a fili, ruwan sama da ƙanƙara suna dukansa, har aka ga in ba a yi wani abu ba zai lalace. A 2004 aka tura shi cikin wani zaure da aka haƙa masa a ƙarƙashin ƙasa, inda ake sarrafa zafi da laima, aka buɗe wa jama'a a 2005.

U-995 ya tsira ne domin Norwe ta karɓe shi ta yi aiki da shi har 1965. Tun 1972 yana girke a bakin teku a Laboe, kusa da Kiel, inda iskar gishiri ta sa kankara da fenti ba sa ƙarewa. U-2540 an nutsar da shi a 1945, an tsamo shi a 1957, ya yi wa sabuwar rundunar Jamus ta Yamma aiki kafin ya zama gidan tarihi a Bremerhaven. Na huɗun, U-534, shi ne darasi. Jirgin saman Ingila ya nutsar da shi ranar 5 ga Mayu 1945 a ruwan Danmak. Da yake ma'aikatansa sun samu fita, ba a ɗauke shi kabari ba, aka tsamo shi a 1993 bayan shekara 48. An kai shi Birkenhead daura da Liverpool, amma a 2006 gidan tarihin da ke riƙe da shi ya rufe. Mafitar da aka samu ita ce a yanka shi gunduwa-gunduwa don a iya ɗauka, a rufe bakin kowace gunduwa da gilashi. Kuɗin tsamo jirgi sau ɗaya ake biyansa, kuɗin riƙonsa kuwa kowace shekara ne, kuma na biyun ne aka fi mantawa da shi wajen lissafi.

Akwai kuma tambayar da ba ta injiniya ba. Waɗannan jirage makaman gwamnatin Hitila ne, sun kashe dubban ma'aikatan jiragen kasuwanci, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma da ke aiki a jiragen Ingila. Su kansu matuƙan, kusan uku cikin kowane huɗu ba su koma gida ba. Gidajen tarihin da suka san aikinsu suna nuna jirgin tare da labarin waɗanda ya hallaka. In ba haka ba, adanawa sai ta rikiɗe ta zama kirari.

Masu ƙera jirgi a Yauri za su fi gane matsalar S-130, domin jikinsa na katako ne. Ƙaramin jirgin hari ne na Jamus mai tsawon kimanin mita 35, an ƙera shi a 1943, katako a kan haƙarƙarin ƙarfe mara nauyi, da injinan dizal uku masu ba shi gudun fiye da kilomita 70 a awa. Yana cikin jiragen da suka auka wa sojojin Amurka masu atisaye a gaɓar kudancin Ingila a watan Afrilu 1944, inda mutum fiye da 700 suka mutu. Bayan yaƙi Ingilishi suka yi amfani da shi wajen sauke 'yan leƙen asiri a gaɓar Tekun Baltik, sannan ya koma hannun Jamus har 1991, daga nan wani ya mayar da shi gidan kwana a kan ruwa. Shi kaɗai ya rage a irinsa, kuma wani attajiri mai tara kayan yaƙi ya ɗauki nauyin gyaransa a kudu maso yammacin Ingila. Jirgin katako ba a ƙasan ruwa yake fara ruɓewa ba. Yana farawa ne inda ruwan sama ke kwanciya, da inda ƙusa ta ratsa katako, da layin da ke jiƙewa yana bushewa. Mai gyara sai ya bi falle ɗaya bayan ɗaya yana yanke hukunci: wanne za a bari don na asali ne, wanne za a cire don ba zai ɗauki nauyi ba.

Katakon da ya daɗe a nutse kuma nasa ciwon dabam ne. Ruwa ne yake cike gurbin naman itacen da ya narke, yana riƙe da siffarsa. In aka bar shi ya bushe haka kawai, sai ya motse ya tsattsage cikin 'yan kwanaki. Maganin shi ne a riƙa shayar da shi wani sinadari mai kama da kakin zuma har ya maye gurbin ruwan. Jirgin yaƙin Swidin mai suna Vasa, wanda aka tsamo a 1961, shekara 17 ana fesa masa shi. Najeriya ta taɓa fuskantar irin wannan aiki. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwale a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tone shi a 1994. Tsawonsa mita 8.4, shekarunsa kimanin 8,000, shi ne jirgi mafi tsufa da aka sani a Afirka, kuma yana ajiye a Damaturu. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da ba iska a cikinta ce ta riƙe shi duk tsawon wannan zamani.

Masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, tana da nata tarihin yaƙin ruwa. Gungawa da ke zaune a tsibiran Kwara su ne ƙarfin masarautar a kan kogi, kuma masu ba da tarihin bikin Rigata suna danganta asalinsa da atisayen mayaƙan Gungu da farautar dorina. Bikin ya adana tuƙi da tsere da kiɗa. Jiragen da aka yi yaƙin da su kuwa katako ne, a ƙasar da gara da rana da damina ba sa ɗaga wa katako ƙafa, kuma bisa al'ada kwale-kwalen da ya tsufa itacen girki yake komawa.

Jirgin baƙi mafi shahara da ya ratsa wannan ruwa shi ne Joliba na Mungo Park. A Sansanding ta ƙasar Mali aka haɗa shi a 1805 daga tsofaffin kwale-kwale biyu, tsawonsa kimanin mita 12, aka ɗaga masa tutar Ingila, mutanen cikinsa kuma suka sauko kogin suna harbi. A Yauri ja-goransu Amadi Fatouma ya rabu da su, a farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Bussa, Park da sauran Turawan suka halaka. Richard Lander da ƙanensa John sun zo Bussa da Yauri a 1830 suna neman takardunsa, ba su sami littafin tafiyarsa ba. Wurin da jirgin ya maƙale yana ƙarƙashin tafki tun 1968, lokacin da madatsar Kainji ta tare kogin, ruwa ya rufe tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa da yawa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Gangare da madatsar, labarin ya ɗan bambanta, domin ƙarfe ya fi katako jimiri. Jirgin tururi Dayspring, wanda ya ɗauko William Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya daki dutse kusa da Jebba a watan Oktoba 1857, kuma an ajiye ragowar ƙarafansa a tashar jirgin ƙasa ta garin. Cikakken jirgin yaƙi da aka adana a Najeriya shi ne Bonny, wanda ke gidan tarihin yaƙi na Umuahiya.

Ga duk abin da ke kwance a zurfin Kainji, ruwan ba maƙiyi ba ne: babu gishiri, babu tsutsar teku mai huda katako, laka kuma tana rufewa. Hatsarin yana gaɓa. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai tazarar kimanin mita 10 a kowace shekara, kuma duk abin da ya faɗa wannan tsakani jiƙewa yake yi yana bushewa, yanayin da ya fi kowanne saurin cinye katako da ƙarfe. Idan ruwa ya janye ya tona tsohon kwale-kwale ko ƙarfen jirgi, jawo shi tudu a bar shi a rana shi ne hanya mafi sauri ta hallaka shi. Abin da masana suke yi shi ne su ɗauki hotonsa, su auna shi, su rubuta inda yake, su mayar da jiƙaƙƙiyar laka su rufe shi har a sami wurin da za a kula da shi. Wanda bai taɓa nutsewa ba kuwa, irin tsofaffin jiragen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya waɗanda har yanzu ake gani a wasu ƙauyukan masunta, buƙatarsa ba ta da tsada: rumfa mai hana ruwan sama, dandamalin da zai ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, da madogara a ƙarƙashin cikinsa don kada ya lanƙwashe. Irin waɗannan suna ƙara wuya, domin manyan itatuwan maɗaci da ake sassaƙa su sun yi ƙaranci, jiragen falle-fallen katako masu inji sun maye gurbinsu, masassaƙan da suka san aikin kuma tsufa suke yi. Zane da awon jirgi tare da bayanin masassaƙi su ne abin da za a iya sake ƙera shi da su ko bayan katakon ya tafi.

Ta fuskar doka, Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce mai alhakin irin waɗannan kaya. Dokar da ta kafa ta ta sanya aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta kuma hana sayar da su ga wanda ba shi da izini ko fitar da su daga ƙasa ba tare da takardar hukumar ba.